Tambayoyin Masu Karatu: Aikin Kamfani Ya Fitar Mini da Son Kwamfuta Daga Rai

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim ta Jihar Jigawa. Tun ina sakandare Allah ya ɗora mini son kwamfuta, har nakan tara abin da na samu ranar kasuwa in shiga mota zuwa cikin gari domin kawai in zauna gabanta a shagon intanet. Na yi karatu a Kazaure, na koyi rubuta manhaja, na yi aiki a Abuja, daga baya na samu wani kamfanin Amurka da nake yi wa aiki daga gida, shi ya sa na dawo kusa da iyayena. Alhamdu lillahi, albashi yana shigowa, na sa sola, ina kuma ɗauke da karatun ƙannena. Sai dai yanzu ko buɗe kwamfutar ba na son yi. Taron aiki yakan kai mu tsakar dare, saƙonni ba sa yankewa ko ranar Juma'a, aikin da muka yi watanni muna ginawa sai a soke shi a zama guda, an sallami da yawa daga cikin abokan aikina, ni ma kullum ina sauraron ranar tawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, abin da na taso ina ƙauna ya zama idan na gan shi sai gabana ya faɗi. Shin son ne ya mutu? In ajiye aikin in kama noma da kiwo, ko da wata hanya?

Daga wani mai karatu, Ringim.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, na karanta wasiƙarka da natsuwa, kuma ban yarda cewa son ya mutu ba. Ka sake duba abubuwan da ka lissafa: taron tsakar dare, saƙon da ba ya yankewa, aikin da ake sokewa, da fargabar sallama. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya shafi kwamfutar kanta, dukkansu sun shafi yadda aka tsara aikin ne da waɗanda suke juya shi. Ba ka ce warware matsala ya daina yi maka daɗi ba, ba ka kuma ce sha'awar sanin yadda na'ura take aiki ta bar ka ba. Zuciyarka ce ta haɗa na'urar da wahalar da take zuwa ta cikinta, domin a allo guda kake ganin su duka biyun, kuma aikin da ke gabanka shi ne raba su.

Halin da kake ciki sananne ne, an daɗe ana nazarinsa. A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya rubuta yadda ya ga ma'aikatan sa kai a wani asibitin kyauta suna yin sanyi da kaɗan-kaɗan har su koma kamar ba su ba, kuma abin lura a bayaninsa shi ne waɗanda suka fi ba da kansu ga aikin su ne abin ya fi kamawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan hali a cikin bugu na 11 na kundinta na rarrabe cututtuka, amma ba a matsayin cuta ba, sai a matsayin abin da matsin wurin aiki yake haifarwa idan ya daɗe ba a shawo kansa ba. Ta ambaci alamominsa uku, wato ƙarewar kuzari, da nisantar zuciya daga aikin har mutum ya riƙa kallonsa da ƙyama, da jin cewa ba ya tsinana komai. Na kawo maka wannan ne domin na san abin da zuciya take raya wa ɗan Musulmi a irin wannan hali, cewa butulci ne mutum ya riƙa karɓar albashi a lokacin da dubban matasa suke yawo da takardu, sannan ya buɗe baki ya ce ya gaji. Gajiya ba butulci ba ce, ba kuma lalaci ba ce. Mutum yana iya gode wa Allah a kan arzikinsa, ya kuma yarda cewa yadda ake sa shi neman arzikin yana cutar da shi.

Fargabar sallamar ma tana da tushe. A watan Nuwamban 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya sallami ma'aikata 11,000, a watan Janairun 2023 kuma Google ya sallami 12,000, Microsoft ya sallami 10,000, alhali babu ɗayansu da ya daina cin riba. Kamfanin Andela, wanda ya faro a Legas a 2014 yana horar da matasa masu rubuta manhaja, ya rabu da kimanin 400 daga cikin ƙananan ma'aikatansa a 2019. A ƙasar Sin tsarin aiki daga ƙarfe 9 na safe zuwa 9 na dare, kwana shida a mako, ya yi ƙamari a kamfanonin fasaha har masu rubuta manhaja suka yi masa bore a intanet a 2019, kafin kotun ƙolin ƙasar ta bayyana a 2021 cewa ya saɓa wa doka. Wanda ya tsira bayan an sallami abokansa yakan gaji aikinsu, ya kuma gaji tsoronsu. Kai kuma kana da ƙarin nauyin da takwaranka na can bai san da shi ba. Idan kamfanin naka a Kalifoniya yake, tsakaninku awa takwas ne ko tara gwargwadon lokacin shekara, don haka taron da suka sa ƙarfe biyu na ranarsu a wurinka ƙarfe goma ne ko sha ɗaya na dare, kuma asuba ba za ta jira ka ba. Ga sabis da yake ɗaukewa ana tsakiyar magana, ga batirin sola da yake sauka idan hadari ya rufe rana, ga fetur da ya yi tsada tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, ga kuɗin kira da data da aka amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Kaso mai yawa na ƙarfinka yana tafiya ne wajen nuna musu cewa babu bambanci tsakanin ƙauyenku da ofishinsu.

Amma duk wannan bai bayyana dalilin da ya sa son kansa ya dusashe ba, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. A 1973 Mark Lepper da abokan bincikensa a Jami'ar Stanford suka sami ƙananan yara masu son zane, suka yi wa wasu alkawarin takardar yabo idan sun yi zanen, wasu kuma ba a yi musu alkawarin komai ba. Daga baya da aka bar yaran su zaɓi wasan da suke so, waɗanda aka yi wa alkawarin lada sai suka rage kusantar zanen da a da ba sai an sa su ba. Wasu masanan biyu, Edward Deci da Richard Ryan, sun yi shekaru suna bin wannan batu, suka tsaya a kan cewa sha'awar da take fitowa daga cikin mutum tana rayuwa ne da abu uku: ya kasance yana da ta-cewa a abin da yake yi, ya ga ƙwarewarsa tana ƙaruwa, ya kuma ji yana da alaƙa da mutanen da aikin ya shafa. Ka auna wannan da zamanka a shagon intanet kana yaro. Kai ka zaɓi abin da za ka buɗe, kullum kana tashi da sabon abu, abokinka kuma yana gefe kana nuna masa. Yau wani ne yake zaɓa maka, rabin yinin yana tafiya a taro, wanda zai yi amfani da abin da ka gina ba ka taɓa ganin fuskarsa ba, wani lokaci ma abin ba ya kaiwa gare shi. Duk ukun an janye su, kuɗi kaɗai aka bar maka, shi kuwa kuɗi yana iya zaunar da mutum a kan kujera amma ba ya sa shi ƙaunar abin da ke gabansa.

Kai ɗan ƙauye ne, ka san bambancin gandu da gayauna. A gandu gida ake yi wa aiki, maigida ne yake faɗin abin da za a shuka da lokacin fita da na tashi, daga nan kuma ake cika rumbu. Gayauna kuwa ta mutum ce shi kaɗai, yana shigarta da yamma ko ranar da ba a fita gandu, ya shuka gyaɗa ko riɗi ko kuɓewa yadda ya ga dama, ko ya ci ko ya bayar babu mai tuhumarsa. Aikin kamfani gandunka ne, daga nan kake ciyar da gida kake biyan kuɗin makaranta, kuma ba na raina shi. Abin da ya same ka, ya kuma sami da yawa a wannan sana'a, shi ne gandu ya yi ta faɗaɗa har ya haɗiye gayauna. Shawarata ita ce ka sake yankar wa kanka wani fegi a harkar kwamfuta wanda babu shugaba a cikinsa, babu wa'adi, babu kwastoma.

Sai dai kada ka fara da wannan, ka fara da barci. Mutumin da ya yi watanni yana kwanciya ƙarfe ɗaya yana tashi asuba, ko me aka ajiye masa a gaba nauyi zai gani. Allah ya faɗa a Suratun Naba'i cewa ya sanya barci hutu, dare sutura, rana kuma lokacin neman abinci. Bukhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya tarar da Abud Darda'i ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya bar kula da iyalinsa, sai ya ce masa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi, don haka ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam kuma ya gaskata Salmanu. Idan har a ibada an ja wa mutum iyaka, ina ga aikin kamfani. Ka rubuta wa shugabanka, cikin ladabi kuma a rubuce, sa'o'in da za a same ka da waɗanda ba za a same ka ba, ka ware lokacin Juma'a a fili, ka nemi a riƙa naɗar tarukan dare ko a rubuta abin da aka yanke ka karanta da safe. Ka cire manhajojin saƙon ofis daga wayar da kake kwana da ita. Idan kana bin hutun shekara ka karɓe shi duka, kada ka buɗe kwamfuta a cikinsa. Da yawa daga cikin matasanmu ba sa neman waɗannan abubuwa ne domin suna ganin alfarma aka yi musu da aka ɗauke su, alhali ƙwarewarsu aka saya, sau da yawa ma a farashin da bai kai na takwarorinsu na can ba.

Idan jiki ya dawo, ka nemi wata kwamfutar daban da ta aiki, domin wadda take kawo maka saƙon tsakar dare ba za ta zama wurin hutu ba. Ba sai mai tsada ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, tsofaffin na'urori da yawa kuma ba sa ɗaukar Windows 11, amma suna tafiya lafiya da Debian ko Linux Mint, wato tsare-tsaren gudanar da kwamfuta na kyauta da ake sa wa a madadin Windows. Ka samu tsohuwa mai lafiyar batir a kasuwar Fam Santa ko Titin Beirut a Kano, kada ka sa mata imel ɗin ofis ko wani abu da ya shafe shi. Ka tuna cewa manyan abubuwan da sana'arka ta dogara da su a irin wannan wuri aka haife su. Guido van Rossum ya fara Python, harshen rubuta manhaja, ne a watan Disamban 1989, lokacin da ofishinsu na Amsterdam yake rufe saboda hutun Kirsimeti, yana neman abin da zai ɗebe masa kewa. Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki a 1991 ya sanar cewa yana rubuta wani tsarin gudanar da kwamfuta don sha'awa kawai, kuma ba ya sa ran zai zama babban abu, ga shi yau wannan tsarin, wato Linux, shi ne a ƙarƙashin kowace wayar Android da ke aljihun mutanen ƙauyenku. Ban kawo su domin ka sa ran shahara ba, na kawo su ne domin a lokacin da suka fara babu wanda yake jiransu.

Me za ka yi da ita? A nan zamanka na ƙauye ya ba ka abin da ma'aikacin babban kamfani ya rasa, wato ganin fuskar wanda aikinka ya amfana. Littafin adashin matan gidanku, lissafin takin da ƙungiyar manoma ta raba bashi, farashin riɗi da zoɓo da za ka riƙa rubutawa kowane mako daga kasuwar Gujungu ko ta Maigatari har ka ga yadda yake hawa da sauka a shekara, duk ƙananan ayyuka ne da Python da SQLite, ƙaramar manhajar adana bayanai, za su gama a 'yan yammaci. Taswirar OpenStreetMap kowa yana iya ƙara mata hanya da rijiya da makarantar da ba ta ciki. Wikipedia ta Hausa tana neman masu rubutu, shirin Common Voice na Mozilla kuma yana karɓar muryoyin Hausawa domin na'ura ta koyi jin harshenmu. Amma ina so ka ji ni da kyau, amfani ba sharaɗi ba ne. Idan abin da ranka yake so shi ne ka rubuta wasan dara, ka koya wa na'ura yadda ake jera uku a ci ɗan abokin hamayya, ka yi wata guda kana gyara shi ba tare da kowa ya gani ba, wannan ya wadatar. A ganina ma shi ya fi dacewa da farko, domin abin da mutane suke jira yakan koma wajibi da wuri.

Haɗarin da nake ji maka guda biyu ne. Na farko shi ne ranar da abin ya fara kyau wani zai ce maka ka mayar da shi kamfani, ko kai da kanka ka fara tunanin sa shi a takardar neman aiki, daga ranar kuwa ya koma gandu na biyu. Na biyu shi ne aikin sa kai ma yana cinye mutum. Shi kansa van Rossum ya sauka daga jagorancin Python a watan Yulin 2018 bayan doguwar jayayya a kan wani sauyi a harshen, ya kuma faɗa a fili cewa ya gaji. A watan Maris na 2024 an gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa, wato hanyar kutse a asirce, a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da tsare-tsaren Linux da yawa suke dogara da ita, kuma ƙofar ta samu ne domin mutum ɗaya ya yi shekaru yana kula da manhajar kyauta, ya gaji, ana ta matsa masa lamba, har ya buɗe hanya ga wani da ya shigo da sunan taimako. A ƙauye irin wannan matsi yana zuwa ne da fuskar zumunci: wannan ya kawo waya ta kulle, wancan yana son rajistar JAMB, wata tana son a duba mata sakamakon NECO ko a gyara mata lambar NIN. Taimakon 'yan'uwa lada ne, amma ka sa masa rana da lokaci a mako, ka kuma koya wa ɗaya daga cikin ƙannenka ya riƙa ɗauke maka.

Game da ajiye aiki, kada ka yanke hukunci kana cikin gajiya. Noma sana'a ce mai daraja amma ba wurin hutu ba ne, ka fi ni sanin abin da ambaliyar 2022 ta yi wa gonakin Ringim da sauran garuruwan bakin kogin Haɗeja. Ka gwada iyakokin da na ambata na 'yan watanni, kana tara abin da zai riƙe gida wata shida. Idan kamfanin ya ƙi sassautawa, to kamfanin za ka bari, ba kwamfuta ba. Kamfanonin Ingila da Jamus bambancin lokacinsu da namu bai wuce awa ɗaya ba, akwai kuma aikin kwantiragi na rabin lokaci da zai bar maka sararin gona, akwai koyarwa a Dutse ko Kafin Hausa ko Babura ko Kazauren da ka fito. Ka yi shawara da mahaifinka, ka yi istihara, sannan ka karanta abin da na gaya wa dattijon da ke ƙasa game da ganin likita, domin ya shafe ka.

Tambaya

Malam, ni manomi ne a yankin Bunkure, jikana ne ya rubuta mini wannan. Gona na sayar na kai ɗana jami'a ya karanta kwamfuta. Ya yi shekaru a Legas a wani kamfanin aika kuɗi ta waya, sai bara ya dawo gida, ya kulle kwamfutar a akwati, ya kama noman rani tare da mu. Ba ya faɗa da kowa, yana sallarsa, amma da an yi maganar komawa aiki sai ya tashi ya bar wurin. Mahaifiyarsa tana ganin sammu aka yi masa, mutanen gari kuma suna cewa kuɗina sun tafi a banza. In matsa masa ya koma ne?

Daga wani dattijo, Bunkure.

Amsa

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya saka maka da alheri a kan abin da ka yi wa ɗanka. Amsata a taƙaice ita ce kada a matsa masa.

Ina so in kwatanta maka irin aikin da ya baro, domin wahalarsa ba ta bayyana a tafin hannu. Manhajar aika kuɗi ba ta rufe shago, dare da rana mutane suna turawa suna karɓa, don haka kamfani yakan sa masu kula da ita su yi kwanan jiran kira bi da bi. Idan ta tsaya ƙarfe biyu na dare waya ce za ta tashe shi, ya zauna yana neman kuskure ɗaya a cikin dubban layuka, ya san kuɗin mutane ne a maƙale, shugabanni kuma suna tambayarsa minti-minti. Ka tuna farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira tsabar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma tura kuɗi ta waya har na'urorin suka riƙa gazawa. Mu a kasuwa muna fushin kuɗi bai shiga ba, su kuma irin ɗanka ne suke can ba barci. Wanda ya yi shekaru a haka, idan ya kulle na'urar a akwati, yana nema wa kansa sauƙi ne ta hanyar da ya iya.

Abin da ka faɗa game da shi ya kwantar mini da hankali: yana fita gona, yana salla, yana zaune lafiya da mutane. Abin da za ku sa wa ido shi ne idan rashin walwalar ya wuce maganar aiki ya shiga komai, ya daina jin daɗin abinci da hira, barci ya ƙaurace masa ko ya yi yawa, yana ramewa, yana kulle kansa a ɗaki, ko yana furta cewa mutuwa ta fi masa. Wannan alamar ciwon damuwa ce, ciwo ne da likita yake magani, kuma maganar mutuwa ba a jinkirta ta ko kwana ɗaya. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin Dawanau, mutanen Jigawa suna da na Kazaure, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. A gaya wa Inna ta ci gaba da yi masa addu'a, addu'ar uwa ba ta da na biyu, amma kada a yi ta yawo da shi wurin masu magani ana tabbatar masa cewa wani ne ya yi masa, domin hakan zai ƙara masa nauyi ya kuma shuka gaba a cikin dangi.

Kuɗinka kuwa ba su tafi a banza ba. Ilimin yana kansa, akwatin ma bai jefar ba, ajiyewa ya yi. Ku daina tambayarsa yaushe zai koma, ka kuma tare masa bakin mutanen gari, domin kalma ɗaya daga gare ka a majalisa ta isa. A noman rani na yankin Kadawa akwai lissafi mai yawa, na ruwa da taki da kwandunan tumatir da bashin dillalai, kuma mai irin iliminsa ba ya daɗewa yana kallon lissafi a warwatse bai ji hannunsa yana motsi ba. Idan ranar ta zo ya buɗe akwatin da kansa, a bar shi ya yi abin da ya ga dama, kada a ce tunda ya buɗe sai ya kama hanyar Legas.

Tambaya

Malam, ni ɗaliba ce daga wani ƙauye kusa da Gumel, ina koyon Python a wayata kuma ina jin daɗinsa ƙwarai. Amma ina jin labarin sallamar ma'aikata, ana kuma cewa ƙirƙirarriyar basira za ta karɓe aikin rubuta manhaja. In ci gaba, ko in nemi wani fanni tun da wuri?

Daga wata mai karatu, Gumel.

Amsa

Ƙanwata, ki ci gaba. Ba zan ɓoye miki ba, tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022 na'ura tana rubuta ƙananan ayyukan da a da ake ba sababbin ma'aikata, don haka ƙofar shiga ta ƙara ƙunci. Sai dai abin da na'urar ta rubuta yana buƙatar mai karanta shi ya gane inda ta kauce, wannan kuwa sai wanda ya san tushe. Ki ba da ƙarfi ga fahimtar yadda ake tsara bayanai, da yadda rumbun bayanai yake aiki, da yadda saƙo yake tafiya a intanet, ki riƙa warware matsala da kanki kafin ki tambayi na'ura. Ki nemi shiga shirin 3MTT na horar da matasa da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ki kuma bibiyi ayyukan Masakhane da HausaNLP, inda masu bincike suke ƙoƙarin koya wa na'ura harsunan Afirka, domin Hausar da kika tashi da ita jari ce a wannan fanni.

Jin daɗin da kika ambata ki tsare shi tun yanzu, kafin albashi ya shigo tsakani. Ki riƙe aiki ɗaya da ba na makaranta ba, ba kuma na neman aiki ba. Kada ki auna kanki da masu tallata nasararsu a Facebook da LinkedIn, ki nemi ɗaliba ɗaya ko biyu da za ku riƙa nuna wa juna abin da kuka gina. Ranar da Allah ya kawo aikin farko, kafin ki sa hannu ki tambaya a rubuce sa'o'i nawa ne a mako, da agogon wace ƙasa ake aiki, wa ake kira idan manhaja ta tsaya da dare kuma sau nawa layi yake zagayowa, kwana nawa ne hutun shekara, sannan wata nawa ake ba mutum sanarwa kafin a sallame shi.